Hoton IRM da aka yi wa Baba

Baba mutum ne da ke lissafin buhunan gyaɗa da ka, ba alƙalami. Cikin wata biyu ya koma bai gane hanyar masallacin unguwarmu ta Zariya a Maraɗi, yana tafiya yana tangaɗi, in an buga ƙofa sai hannunsa ya fizga. Sikanar da aka yi masa nan Maraɗi, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da hasken X, ta fito lafiya lau, kuma wannan sakamakon ya fi komai wahalar da mu, don daga nan dangi suka fara zancen sammu.

Likita ya tura mu Yamai a yi IRM, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. Tafiyar fiye da kilomita 600 da marar lafiya ba wasa ba ce, kuɗin ma ya yi nauyi, ga jira tun hantsi har la'asar. Amma ma'aikatan sun kyauta. Sun cire masa zobe da agogo saboda na'urar maganaɗisu ce, suka toshe masa kunne don ƙararta kamar ta injin niƙa. Fizgar ta ɓata hoto sau biyu, mai ɗaukar bai ɓata rai ba, sai cewa yake: "Sannu Baba, saura kaɗan."

Likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da ni gaban kwamfuta. A wani salon hoton da suke kira difiziyon, ya nuna mini farin layi yana bin lanƙwasar ɓawon ƙwaƙwalwa kamar zare, da wurare biyu masu haske can ciki. Ya ce wannan alamar cutar Creutzfeldt-Jakob ce, wadda wani furotin da ya lauye, firiyon, ke haddasawa, kuma sikanar ba ta cika ganinta ba. Mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan take kamawa a shekara, kusan kashi 85 cikin 100 haka kawai take tasowa. Ya ƙara da gwajin wutar ƙwaƙwalwa don ƙarfafa zatonsa. Bai ɓoye mini ba: babu magani, yawanci ba a wuce shekara.

Na gamsu da aikin, duk da ɗacin labarin. Duk wanda tsohonsa ya rikice cikin makonni, ya nemi a yi IRM mai difiziyon, kuma likitan ƙwaƙwalwa ya karanta. Na tambaya ko ana ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya, ya ce a'a. Muka dawo gida, Inna ta ci gaba da ba shi fura a baki da ludayi har Allah ya karɓi abinsa bayan wata huɗu.