Omron M3 Comfort: na'urar awon jini ga mai gudun shanyewar ɓarin jiki

Hawan jini ne kan gaba a abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma awon da ake yi wa majinyaci sau ɗaya a ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi bai isa ba. Don haka wannan na'ura ta cancanci kuɗinta, muddin an iya aiki da ita.

Abin da ya fi burgewa shi ne maɗaurinta. Yana kama damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42, kuma a lanƙwashe yake zuwa, har mai hannu ɗaya lafiyayye zai iya zura shi da ɗan taimako. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: maɗaurin da ya yi wa damtse kaɗan yana ɗaga lamba, sai a ƙara wa mutum maganin da ba ya buƙata. Tana ajiye awo 60 ga kowane ɗaya cikin mutum biyu, tana cin batir AA guda 4.

Kafin awo, a yi minti 30 babu goro, kofi ko sigari. A yi fitsari, a zauna a jingina baya minti 5, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, maɗauri santimita 1 zuwa 2 sama da gwiwar hannu. Ban da magana. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin shan magani da kuma da yamma, kwana 7 kafin ranar asibiti. Wanda ɓarinsa ya riga ya shanye, a auna lafiyayyen hannun sai dai in likita ya ce akasin haka. A gida, 135/85 ya riga ya zama hawan jini, kuma likitoci kan nemi ƙasa da 130/80 ga wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Tana nuna alama idan bugun zuciya ba ya tafiya daidai. Kada a raina ta, domin wani nau'in wannan rikicewar bugu kan daskarar da jini a zuciya, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Amma na'urar ba ta tabbatar da ciwon; gwajin bugun zuciya na asibiti, wato ECG, ne ke yi. A nan ma rauninta yake, don lambobinta kan yi tangal-tangal ga mai irin wannan bugun, sai an maimaita sau uku.

Batir mai arha kan zubo ruwa cikin zafi ya ci ƙarfen ciki, a cire shi in za a daɗe ba a yi awo ba. Idan kuwa baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, kada a tsaya awo, kada a ba da asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa. A nufi asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa 4 da rabi daga farawar alamun.