Shagon da nake kai babin farko

Duk wanda ya taɓa fara rubuta littafi ya san zumuɗin makonnin farko. Labarin yakan zo da ƙarfinsa, ana cikin girki sai jaruma ta yi magana a kaina, barci ma ya ƙaurace. Ni da hannu nake rubutu, biro da littafi mai bango mai kauri, bayan sallar asuba kafin yara su tashi. Amma zumuɗin nan ba ya daɗewa. Idan rubutuna ya kwana biyu a ajiye wurin mai bugawa, kafin ya dawo zuciyata ta yi sanyi. Wannan ne ya sa nake yaba wani ƙaramin shagon buga takardu da ke kusa da Kasuwar Wunti a nan Bauchi.

Shagon bai da wani girma: kwamfutoci, firinta, injin fotokofi, da janareta a bakin ƙofa. Abin da ya raba shi da sauran shi ne yarinyar da ke bugun Hausa. Ta iya ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tana sa su a inda suka dace ba sai na zagaye mata su da biro ba. Ta san a haɗe ake rubuta "yana", a rabe ake rubuta "za ta", abin da har a rubutun wasu manyan marubuta na WhatsApp za ka ga an cakuɗa. Kafin ta fara takan kashe gyaran da Word ke yi da kansa, don kada ya juya kalmomin Hausa zuwa na Turanci. Maganar kowane mutum a labari kuma sabon layi take ba ta. Wanda bai taɓa karɓar babi guda a dunƙule ba, babu sakin layi ko ɗaya, ba zai san darajar wannan ba.

Idan na kai da safe, washegari zan karɓa a takardar A4, an bar fili tsakanin layuka don gyara, sannan ta turo mini kwafin Word da PDF ta waya. Ganin babin farko a buge, da sunan littafin a sama, shi ke tabbatar mini cewa littafi ne na gaske, kuma ranar nakan koma gida na rubuta fiye da kullum. Akwai kuma abin da ba a biya kuɗinsa ba. Tana karanta abin da take bugawa. Da na je karɓar babi na biyu na littafin da nake rubutawa yanzu, tun kafin mu gama gaisawa ta ce, "Anti, don Allah mahaifin nata ya san abin da ake ciki kuwa?" Tambayar nan ta nuna mini inda labarin ya kama.

Mai shagon kuma mutum ne mai amana. Marubuta mun san yadda labari ke yawo a zaurukan WhatsApp kafin mai shi ya sake shi, wani lokaci har an cire sunansa. Shi a gabana yake goge aikina daga kwamfuta bayan na tabbatar ya shigo wayata.

Sai dai akwai lokutan da ba na zuwa. Idan ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da na kwalejin fasaha ta Tatari Ali suka fara buga kundin kammala karatu, ko lokacin rajistar JAMB, wurin cika yake maƙil, aikin kwana ɗaya ya koma na mako. Bencin jira ɗaya ne, mace sai dai ta tsaya a gefe, kuma idan an ɗauke wuta ƙarar janareta ba ta barin a ji magana. Kuɗin shafi ya ɗan ɗara na maƙwabtansu, ni dai ban ga laifin hakan ba tunda ba na sake biyan wani ya gyara.

Mai son zuwa ya je da hantsi, ya sa lamba a kowane shafi na rubutun hannunsa, ya kuma nemi a ba yarinyar da ke bugun Hausa, domin sauran ma'aikatan aikin Turanci suka fi ƙwarewa a kai.