Budapest: cin abinci a Babbar Kasuwa ko zama a gidan abinci?

Masu zuwa Budapest, babban birnin Hungary, na kwana biyu sun dame ni da tambayar nan, to ga yadda nake gani.

Babbar Kasuwar da aka buɗe 1897 kusa da kogin Danube, a bene na sama ake sayar da abinci. Nan za ka samu lángos, kullu ne soyayye kamar fanke mai faɗi, a shafa tafarnuwa da kirim mai tsami a barbaɗa cuku, da zafinsa za a miƙo maka. Akwai sauri, sai dai cunkoso, wani lokacin a tsaye za ka ci, kuma farashin na 'yan yawon buɗe ido ne.

Gidan abinci ya fi tsada, wasu ma suna ƙara kuɗin hidima a bil, amma fa nan ne za ka samu natsuwar tambaya, don gulyás naman sa ne da dankali da paprika (garin jan tattasai) amma sau da yawa da kitsen alade ake soya albasar. Miyar kifi halászlé ta fi kwanciyar hankali. Pálinka kuwa giya ce, kar a ruɗe ka, nemi ruwan bodza, lemo ne da ake yi da furen wani itace.

Mai sauri ya hau kasuwa, mai iyali ko mai kula da halal ya zauna gidan abinci.