Dekodar da na saya a kasuwar Tahoua ta zame mini rediyo

Saboda labarun telebijin na saye ta, amma yanzu maɓallin TV/Radio na rimot ya fi kowane shan dannawa. Ina ɗinki a shago, karatun Alƙur'ani na zuwa daga tashoshin Larabawa tas, babu shuuu ɗin gajeren zango da ya saba cika mini kunne.

Yaron da ya kafa mini parabol ya yi aiki da natsuwa. Ya juya kwanon kudu maso yamma, yana matsawa kaɗan-kaɗan, yana tambaya: "Baba, sigina ta hau?" Tauraron ɗan Adam ɗin da kwanon ke kallo yana can sama, nisan kilomita kusan 36,000, saitin layin da ya raba duniya arewa da kudu, yana zagaye daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa in an ɗaure kwano sau ɗaya an gama. Kwanon na tattara saƙon ya tura wa ɗan kan da ke gabansa, waya ta kawo shi cikin dekoda.

Abu biyu ke damuna. Hadarin Agusta in ya yi nauyi, murya sai ta yanke ɗif. Kuma in kuran ya tafi, sai na koma ga tsohuwar rediyona mai batir.