Thunderbird da adireshin intanet a cikin imel

Ni ne sakataren ƙungiyar iyaye da malamai a makarantar yarana, kuma imel ɗina rubutu ne zalla, babu launi babu hoto, don ya buɗe da wuri ko data ta yi ƙasa. Manhajar da nake amfani da ita a da ta sha ba ni haushi: adireshin shafi ya zo kamar sauran rubutu, sai na kwafa na liƙa.

Da na koma Thunderbird, manhajar imel ta Mozilla, kyauta ce kuma, abin ya wuce. Tana ganin https:// a farkon adireshi sai ta mai da shi shuɗi, ka danna ya buɗe.

A nan na gane cewa rubutu zalla ba ya ɗauke da mahaɗi, wato adireshin da ake dannawa, manhajar mai karantawa ce ke gano shi. Shi ya sa yanzu nake rubuta adireshin cikakke, a layinsa shi kaɗai, tsakanin alamomin < da >, kada digon ƙarshen jimla ya manne masa ko dogon adireshi ya karye biyu. Wani dattijo da ke kirana duk wata ya ce fam ɗin da na aika masa adireshinsa bai buɗe ba, bana shiru.