WhatsApp, Slack, Teams ko Trello: Wanne Zai Rage wa Manajan Aiki Yawan Magana?

Idan mutum 10 ne ke aiki tare, hanyoyin da magana za ta iya bi tsakaninsu 45 ne. Idan suka kai 20, hanyoyin sun koma 190. Shi ya sa manajan da aka ɗora wa ginin azuzuwa ko haƙar rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka biyar yake wuni waya a kunne, dare ya yi bai duba takarda ko ɗaya ba. Kafin ka biya kuɗin wata manhaja, tambayi kanka abu biyu: mai ƙaramar waya a cikin mutanenka zai iya amfani da ita? Kuma bayan wata uku, za ka iya nemo inda aka ce a ƙara buhun siminti 50?

WhatsApp ne kowa ke farawa da shi, kuma da dalili. Kyauta ne, magini da kafinta da direban tifa duk suna da shi, ga saƙon murya wanda ya raba gardama ga wanda rubutu ke ba wahala. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, kiran taro kuma mutum 32. Ko sabis ya yi rauni, saƙo yakan lallaɓa ya isa. Matsalarsa ita ce ba ya bambanta umarni da gaisuwa. Hoton rodin da aka kawo ba daidai ba zai nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, kuma saƙon murya ba ya bincikuwa, sai ka zauna ka saurare su ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da ya fi damuna: lambar aiki ita ce lambar gida, don haka ɗan kwangila zai neme ka ƙarfe sha ɗayan dare bai ga laifinsa ba. In shi za ka riƙe, buɗe zaure biyu, ɗaya na sanarwa wanda kai kaɗai ke rubutu a ciki, ɗaya na kowa da kowa. Duk shawarar da aka yanke da murya, ka maimaita ta a rubuce cikin layi biyu.

Slack ya gyara wannan cunkoson, domin kowane batu da ɗakinsa: sayayya daban, biyan kuɗi daban, rahoton wurin aiki daban. Sai dai na kyautar saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nuna maka, aikin gini kuwa yakan haura shekara. In za ka biya, da dala ake lissafi, kan kowane mutum kowane wata, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 wannan lissafin ya yi nauyi. Ya dace da masu rubuta manhaja da ma'aikatan ofis. Ban ga dalilin tilasta wa mai kwaɓa kankare shi ba.

Microsoft Teams, manhajar hira da taron bidiyo ta ma'aikatu, ba sai an daɗe a kansa ba. In ma'aikatarku ta riga tana biyan Microsoft 365 (tarin manhajojin ofis irin su Word da Excel), kamar yadda ƙungiyoyin agaji da yawa ke yi, duba ko yana cikin abin da kuka saya kafin ka nemi wani. Yana da nauyi a tsohuwar waya, yana shan data da caji.

Wajen taron bidiyo, Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, Google Meet kuma a minti 60, kowannensu yana ɗaukar mutum 100. Mutane na ƙorafin minti 40 ɗin nan, ni kuwa ina ganin alheri ne, don taron mako da ya wuce haka yawanci hira ce ta shigo. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kashe kyamara ya zama tausaya wa aljihun abokan aiki.

Trello kuwa allo ne, ba wurin hira ba. Kowane aiki kati ne mai ɗauke da sunan mai yinsa da ranar gamawa, ana jan sa daga "ba a fara ba" zuwa "an gama". Amfaninsa shi ne yana kashe tambayar nan ta "ina aka kwana?" wadda ke cinye safiyar manaja. Na kyautar yana ba da allo 10, wanda ya ishi ƙaramin aiki. Amma allon da ba a sabuntawa ya fi rashinsa illa, saboda oga zai duba ya ɗauka gaskiya ne.

Ga wanda mutanensa ke fili cikin rana, zaɓina WhatsApp mai zaure biyu, da Trello tsakaninka da injiniya da akanta kawai, sai kiran minti 15 kowace safiya da mai kula da wurin aiki kafin leburori su fara. Kuɗin da za ka ba Slack, saya wa mai kula da wurin data da abin cajin tafi-da-gidanka.