Wata biyu ina buga ces mai hawa biyar a waya

Wani yaron maƙwabtanmu a Unguwar Rimi, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, shi ya turo mini shafin intanet na buga ces mai hawa biyar da ya gina da hannunsa. Ya san ina buga ces tun ina sakandare, shi ya sa ya ce da ni: "Kawu, ka gwada, ka faɗa mini gaskiya komai ɗacinta." Yau wata biyu ke nan kusan kullum sai na shiga bayan sallar isha'i.

Asalin wasan ba nasa ba ne, kuma bai ɓoye ba. Wani likita Bajamushe mai suna Ferdinand Maack ne ya ƙirƙiro shi a 1907, ya sa masa suna Raumschach. Da farko ya gwada allo takwas a kan juna, gida 512 ke nan, ya ga abin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, sai ya dawo kan allo biyar, kowanne gida biyar tsawo biyar faɗi, jimla 125. Ka ɗauka bene ne mai hawa biyar. Farare suna farawa daga hawa biyu na ƙasa, baƙaƙe daga biyu na sama, kowa da 'ya'ya 20, goma daga ciki sojoji. Akwai kuma sabon ɗa da babu shi a ces ɗin da muka sani, doki mai ƙaho, wanda yake ratsawa ta kusurwa, yana sauya hawa da layi da jeri a tafiya guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da yaron ya yi wa wannan dokin. A dokar Maack, duk yawon da zai yi, gida 30 kaɗai zai iya takawa cikin 125, sauran har a tashi wasa ba zai leƙa su ba. Shi ya sa a salon asali nakan bayar da shi a musaya ba tare da na ji ciwo ba. Yaron ya ba shi izinin yin taku ɗaya sama ko ƙasa a miƙe, amma ba ya ci da wannan takun. Da haka ya buɗe masa ƙarin gidaje, ya zama ɗan da ake tsoro. Ya kuma bar zaɓi, mai son dokar asali ya danna ta. Wannan adalci ne ga mai wasan, na yaba ƙwarai.

Inda muka saɓa da shi shi ne hoton allon. Shafin yana buɗewa da wani akwatin gilashi mai juyawa, kyakkyawa matuƙa, kuma a nan ya zuba yawancin wahalarsa. A kwamfuta ba laifi. A waya kuwa, wadda da ita yawancinmu muke shiga intanet, 'ya'yan suna rufe juna, ka nufi soja yatsanka ya taɓa sarki, wayar ta ɗau zafi, caji ya zube. Sai a mako na biyu na gano maɓallin da yake shimfiɗa allunan biyar a jere, daga A zuwa E, kamar an jera tabarmi. Daga ranar na fara fahimtar wasan. Na ce masa wannan ya kamata baƙo ya fara gani, akwatin gilashin a mayar da shi na ado. Har yanzu bai sauya ba, kuma ina ganin a nan yake rasa sababbin shiga.

Idan ka taɓa ɗa, gidajen da zai iya zuwa suna haskawa a duk hawa biyar. Ba don wannan ba, da wuya mutum ya jure, domin sarauniya idan tana tsakiya hanya 26 gare ta, tana kallon gida 52 a lokaci guda. A allon katako sai ka yi ta leƙe tsakanin hawa da hawa kana lissafi da ka. Shi ma sarki a tsakiya ƙofa 26 yake da ita ta gudu, don haka kama shi aiki ne, wasa yakan yi tsawo. Agogon da ke ba kowane ɗan wasa minti biyar kacal bai dace da shi ba sam, ni daga minti talatin nake farawa.

Matsalar da ta fi ba ni haushi ita ce idan sabis ya yanke, agogonka bai tsayawa. Sau uku ina kan gaba na rasa wasa saboda haka, ɗaya da wani ɗan Barnawa bayan mun shafe fiye da awa guda. Yaron ya yi alkawarin sa ɗan jinkiri kafin a yanke hukunci, ina jira. Abokan wasa ma ƙalilan ne tukuna, da rana sai dai ka buga da kwamfuta, ita kuma da zarar 'ya'ya sun ragu sai ta rikice.

Wanda ya riga ya iya ces, ina ba shi shawara ya gwada, ya shimfiɗa allunan tun daga farko. Wanda bai taɓa riƙe doki ba, ya fara koyon na hawa ɗaya. Ni dai na ja mutum biyu daga majalisar masu dara ta bakin layinmu, kuma ranar Asabar muna da wasa da ɗan Barnawan nan.